Na Hana Inna Ƙaho

Zuwa ga mahaifina, Sarkin Askan Kimba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, Allah ya kai haske makwancinka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma da kai kaɗai zan iya wannan maganar.

Baba, na karya dokarka. Kai ka ce min, ranar da ka miƙa min zabira, "Wanzami ba shi maida wanda yat taho mai da ciwo." Shekara goma sha ɗaya ban mayar da kowa ba. Da na tashi farawa, sai na fara da Inna.

Bayan rasuwarka numfashinta ya yi ta sarƙewa, har likitoci suka ce wani marfi a zuciyarta ya lalace. Aka yi mata aiki, aka sa na ƙarfe. Tun daga nan kullum sai ta sha ƙwayar tsinka jini. In ta bari, jini ya daskare a kan ƙarfen ya shanye mata jiki. In ƙwayar ta yi yawa, ko yankan albasa sai jinin ya ƙi tsayawa. Shi ya sa muke zaryar awon jini Birnin Kebbi, tana mitar hanya, ina mitar mitarta.

Watan jiya tabo ya fito mata a damtse da ƙafa, baƙi-baƙi, ba ta bugu da komai ba. Ta nuna min ta ce, "Mataccen jini na, Auta. Ɗauko ƙahon ubanka ka hidda min shi."

Wallahi da idonka na kalli tabon, kuma na ga abin da za ka gani. Har na jiƙa ƙaho. Sai na tuna dasashinta da ya yi jini wajen asuwaki kwana biyu a jere, na mayar da aska kube.

Da na kai ta asibiti, awo ya nuna jinin ya tsinke ya wuce ƙa'ida, saboda wani maganin ciwon gwiwa da take saye a ɓoye tana haɗawa. Likita ya ce da na tsaga mata baya sau goma sha biyu kamar yadda ka koya min, da wuya mu iso da ita.

Ka san matarka. Ta ce likita yaro ne. Ta ce in ɗanta ya ƙi, akwai wanzamai a duniya. Sai na hau babur na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Jega Firchin zuwa Sabiyal har Maiyama, ina roƙonsu da girmanka kada wanda ya taɓa ta. Duk suka amsa. Ta je wa biyu, suka ce aska ba kaifi.

Da ta gane, abu ɗaya ta ce: "Da ubanka na da rai, ba ni roƙon kowa." Wannan ta yi min ciwo, Baba, don gaskiya ce. Na yi kewarka ranar fiye da ranar da muka binne ka.

Yau kwana tara ba ta amsa gaisuwata. Ina zuwa dai kowace safiya, in durƙusa kusa da tabarmarta in ajiye ƙwaya da ruwa. Ta kau da kai ta shanye. A cikin shirun nan nake jin ƙarfen yana ƙas, ƙas, ƙas a ƙirjinta, sai in ɗauka ta amsa, in tashi in tafi aiki.

Allah ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ita kuma ya ja kwananta, ko da fushi za ta yi ta yi da ni.

Ɗanka mai riƙe da zabirarka,
Auta