Jujin da Na Sa a Ƙarshe

Laraba da dare, ƙarshen bazara

Barci ya ƙi zuwa. Tunda na fara aikin duba-gari ban taɓa jin kunyar kaina irin ta yau ba.

Tipa ɗaya aka ba mu, juji mai guba kuwa uku ne, ni na tsara yadda za a bi su. Na fara da ramin robobin maganin feshi na Garo, don yana gab da rijiya. Sai tsofaffin alluran bayan kasuwa. Jujin masu fasa batir na Sabon Birni na sa shi ƙarshe. Can wajen gari yake, na ce zai jira.

Da la'asar na biya in duba shi, na tarar rabinsa babu. Na bi sawun amalanke har gonar Kawu Sule, na same shi yana baza baƙar ƙasar da shebur. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ka ga taki? Baƙi wuluk, ko leda babu! Sahu shida na yi kafin mutane su farga."

Na ce, "Kawu, dalma ce a ciki, guba ce." Ya ce tun yana yaro juji ake kai wa gona.

Gaskiyarsa. Ni ma ina yaro na kwasa da hannuna. Amma da na zauna a ofis, sai na auna nisan jujin da rijiya kamar a kafe yake.

Gobe zan juya tipar zuwa Sabon Birni. Sai dai tipa juji take kwashewa, ba gona ba. Daga gonar nan Kawu yake aiko wa 'ya'yana masara kowace kaka.