Kun Ce Mu Auna Kanmu, Sai Kuka Yanke Mu da Awon

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Malaman Wucin Gadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini, tare da fatan Yallaɓai yana lafiya.

Wannan takarda ce aikina na farko yau, tun kafin in karya kumallo. Ni malamin aji uku ne a wata firamare da ke ƙauye bayan Banga, ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka na wucin gadi da alkawarin tabbatarwa. Na fitar da takardar nan fili ne don na je ofishinku a Ƙaura, aka ce kuna taro. Na koma, aka ce kun yi tafiya.

Na ɗaya. Ranar da kuka raba mana fom ɗin auna kai, da bakinka ka ce kowa ya ba kansa maki tsakaninsa da Allah, daga ɗaya zuwa biyar. Ka ce ba don hukunci ba ne, don a ga inda muke da rauni ne a koya mana. Ina da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru da ni kullum, kuma na rubuta wannan. Na sha zargin kunnena, amma na tambayi waɗanda muka zauna benci ɗaya, haka suka ji.

Na biyu. Akwai tambayar da ta ce, shin ɗalibanka suna gane darasinka? Ban san amsa ba, don haka ban cika ba sai da na gwada. Na rubuta gajerun jimloli a allo, na riƙa kiran yara suna karantawa. Mafi yawansu sun kasa. Wasu damina ta riƙe su a gonar gero, wasu iyayensu sun yi gudun hijira daga wajen Zurmi, sun daɗe ba su ga allo ba. Wani kason laifin kuma nawa ne, ba na musu. Sai na ba kaina biyu. A kan zuwa aiki na ba kaina uku, saboda ranakun da hanya ta ƙi biyuwa na zauna gida. A gidan malamai na tashi, inda aka koya mana yabon kai jahilci ne. Hannuna ba zai iya rubuta biyar a kan yaran da ba sa karatu ba.

Na uku. Da aka liƙa sunayen waɗanda za a tabbatar, babu nawa. Magatakardanku ya shaida mini cewa makin da kowa ya ba kansa aka tara, aka ja layi. Ke nan babu wanda ya leƙa ajin kowa. Ranka ya daɗe, wannan ba tantancewa ba ce, tarko ne. A cikin sunayen akwai wanda yaransa ni nake haɗa su da nawa duk ranar kasuwa, don yana can yana awon hatsi. Biyar ya jera wa kansa daga sama har ƙasa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ba shi ya yaudare ni ba. Shi ya fahimce ku, ni ne na gaskata ku.

Yayana ya ce na daɓa wa cikina wuƙa, ko akuya aka ba alƙalami ba za ta rubuta kanta ramammiya ba. Na yi ta juya maganarsa, har na fara tunanin ko wautata ce. Amma idan wauta ce mutum ya yarda da maganar shugabansa, to wa ya kamata ya ji kunya?

Ƙarshen wannan zango aikina zai ƙare. Shekaruna sun kai arba'in, ba wata ɗaukar aiki da za ta sake jira na.

Ga roƙona. A dakatar da jerin sunayen nan. A turo mai duba malamai ya shigo ajina ba da sanarwa ba, ya shiga na sauran. Idan ya gani da idonsa ya ce biyu ce daidai da ni, zan karɓa, in miƙa alli in tafi. Kuma ku fito ku faɗa wa malamai gaskiyar abin da kuke yi da fom ɗin nan.

Abin da ke gabana gobe:
- kai kwafin wannan takarda ofishinku, ko kuna nan ko ba kwa nan;
- ƙarasa haɗa baƙi da wasali da 'yan ajina;
- sababbin malamai biyu da hedimasta ya ce in nuna musu yadda ake cika fom ɗinku. Har yanzu ban san me zan ce musu ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, Ya kuma hana ka hukunta su a kanta.

Wassalam.

Malam Hashimu,
malamin aji uku.