Wardin Baban Auta

Asabar, 2 ga Maris
Yau na yi wa wardin Baban Auta aski. Wata goma sha ɗaya da rasuwarsa ba wanda ya taɓa shi, duk ya sarƙe. Na ɗauko almakashinsa na sare shi har ƙasa, na haɗa da wani mummunan ƙulli da ke gindin. Shi ma haka na ga yana yi, ina ji. Yanzu sai jiran furen nan nasa, shunayya mai surkin toka, wanda masu wucewa ke leƙowa ta katanga su tambaya ko fenti muka shafa masa.

Lahadi, 24 ga Maris
Ya yi toho, kuma da ƙarfinsa! Ashe ni ma ina da hannu.

Laraba, 15 ga Mayu
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya buɗe. FARI. Ɗan mitsitsi, fatsi-fatsi, ko ƙamshi babu. Sau biyu ina goge tabarau. Na zauna a bakin famfo har ruwan shayi ya ƙone a wuta.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na kira mai lambun da ke sayar da dashe a bakin titi. Ya tsuguna, ya tone gindin da yatsa, ya ce, "Hajiya, ina ƙullin?" Na ce na sare, ai ciwo ne. Sai ya dafe kai. Wai wardin mai aure ne, kamar mangwaro: saiwar ta wardin daji ce, shunayyar kuma daga ƙullin nan ta fara. Abin da na bari na dajin ne. "Ko shekara ɗari za ki yi kina ban ruwa, fari zai ba ki."
Shekara tara Baban Auta yana lallaɓa abu, ni na gama da shi kafin a kira azahar. Da hannuna. Kunya ta hana ni gaya wa Auta a waya.

Juma'a, 17 ga Mayu
Mai lambu ya ce da za a samu idon toho ɗaya daga reshen irinsa, zai ɗaura min a jikin na dajin. Shi kam bai taɓa ganin launin a wani gida ba.
Ni na gani. Yana bayan katangata, gidan Uwar Tagwaye. Shekara uku ke nan da na gan ta tana fita daga gidanmu da reshe a cikin mayafi, na kira ta ɓarauniya a gaban 'ya'yanta. Tun ranar ko sallama. Gara in mutu.

Litinin, 20 ga Mayu
Ban mutu ba, ban kuma je ba. Na hau turmi na leƙa. Nata ya yi fure bakwai. Bakwai!

Lahadi, 26 ga Mayu
Na je. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shirya magana tun daga ƙofa, ba ta bari na fara ba. Ta ce, "Yaya, na ji saran almakashi tun watan Maris, na ce shi ke nan, ta aikata." Ta shiga ta yanko reshe, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma.
Sai ta ce wai Baban Auta ne ya ba ta wancan reshen da kansa. Wai ya ce, "Ki raina min wannan. Yayarki hannunta da nauyi, wata rana za ta kama almakashin nan ba na kusa."
Na ce me ya hana ki faɗa a lokacin? Ta ce, "Kin bar wa mutum wurin magana?"
Allah sarki Baban Auta. Ya san ni har haka, ya kuma yi shiru ina zagin baiwar Allah. Na yi kuka a tsakar gidan matar da na kira ɓarauniya, ita ke riƙe da ni.

Asabar, 22 ga Yuni
Idon da mai lambu ya ɗaura ya kama, ganye biyu jajaye. Uwar Tagwaye kan shigo da safe ta duba ɗaurin, wai kada in taɓa. Ta ma tafi gidanta da almakashin, don rainin hankali.
Ba wai mun shirya ba ne. Kujerar Baban Auta dai na fitar mata gindin wardin, tsayuwa na sa mata ciwon gwiwa.