Motar Mahaifiyarku da Abin da Na Ɓoye

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, babu wanda ya tilasta ni. Jiki ne ya ja baya, kun dai ji abin da likita ya ce. Dogo, Nas, Auta, ku karanta a tare, a ɗaki ɗaya. Kada a karanta wa wani ta waya.

Na ɗaya. Gida da sauran abin da na bari a raba yadda Allah ya ce. Roƙona kawai, ku bar Auta a ɗakin baya har ta gama karatunta. Keken ɗinkin mahaifiyarku ma a bar mata, ita kaɗai ta iya sa masa zare.

Na biyu, motar. Kun san ba ni na saye ta ba. Mahaifiyarku ce ta saya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da aka mayar da aikinta makarantar da ke can ƙarshen gari. Mota ce mai aiki da batir da kuma mai. Tana sabuwa, idan ta kwana a caji tana yin kilomita hamsin kafin inji ya tashi ya fara shan mai. Mahaifiyarku takan je ta dawo babu ƙara ko kaɗan, sai dai ka ji buɗe ƙofa. Takan ce ita da motarta halinsu ɗaya, ba su da surutu, ni ne injin gidan.

Batir ya tsufa. Yau da ƙyar yake yin kilomita tara. Makanikinmu na bayan tashar bas, mai tabarau ɗin nan, ya gwada da na'ura ya ce sassa uku na batirin sun yi rauni, su ne ke jan sauran ƙasa. Sabon batir ya fi motar tsada. Ana iya canza sassan ukun kaɗai, ya ce zai riƙe shekara biyu ko uku, bai yi alkawarin fiye da haka ba. Wanda motar ta faɗa a kasonsa ya riƙe wannan: kada ya bar ta cike da caji a cikin rana, kada ya bar ta kwanaki babu caji, kuma kada ya yarda da lambar da allon gaban mota ke nunawa. Allon har yanzu lissafin ƙuruciyarta yake yi. Tanki kuwa kada ya sauka ƙasa da rabi, ko da kwana ɗaya. In za ku sayar, ku gaya wa mai saye gaskiya kafin a yi ciniki. In an cire batirin, a kai wa makanikin, kada a jefar a bola.

Na uku. Wannan shi ne dalilin takardar, sauran duk share fage ne.

Ku buɗe aljihun gaban motar. A ƙarƙashin littafin motar akwai takarda a ninke huɗu. Sakamakon gwajin farko ne da makanikin ya yi, wata biyu kafin rasuwar mahaifiyarku. Ranar ya kama hannuna ya ce, “Baba, batirin nan ya fara yi maka ƙarya. Ka riƙa zuba mai, kada wata rana ya ajiye ka a hanya.” Na yi dariya, na ninke takardar. Lokacin ina alfahari a majalisa cewa na yi wata huɗu ban shiga gidan mai ba. Tankin a bushe yake, kuma na sani.

Safiyar da numfashinta ya sarƙe, ta gama wanke kofuna kenan. Maganin shaƙarta bai yi komai ba. Na ɗauke ta na sa a kujerar gaba. Ni da hannuna na zare wayar cajin daga bango, fitilar tana kore, batir a cike. Allon ya nuna kilomita talatin da huɗu, asibiti kuma sha tara ne. A kilomita na sha uku motar ta yi sanyi. Inji ya nemi tashi, babu mai. Muka gangara muka tsaya ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa, gaban wani shagon katifu. Na fi minti ashirin a tsakiyar titi ina ɗaga hannu kafin wani mai tasi ya tsaya. Duk lokacin nan tana kallona ta gilashi. Ba ta iya magana ba, hannu kawai take ɗaga mini, wai in bar tsakiyar titi kada a buge ni.

Nas, kin tuna abin da ya faru a barandar asibiti. Kin fito da kayan aikinki na jinya a jiki kika tambayi wanda ya hau motar jiya. Dogo ya ce shi ne. Kika ce, “Ka dawo da ita ba ka sa ta a caji ba.” Ya ce ya sa. Ya juyo ya dube ni, yana jiran in buɗe baki. Na sunkuyar da kai.

Ya sa ta a caji, 'yata. Yayanki bai yi sakaci ba. Shekara huɗu kina ɗauke masa kai, ba ki je ganin 'yarsa ba, ni kuma ina zaune tsakaninku ina cewa a yi haƙuri, alhali kalma ɗaya daga bakina ta isa. Likita ya ce wataƙila ko mun isa da wuri ba za ta tashi ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma mintunan nan nawa ne, kuma shirun da na yi ya fi su nauyi.

Na huɗu. Kun sha tambayata inda nake zuwa da hantsi. Hanyar asibitin nake bi. Muddin motar na tafiya a kan batir babu ƙara a cikinta, kuma a cikin shirun nan nake jin numfashinta a kujerar gefe, yana shiga da ƙyar yana fita. Ba gigin tsufa ba ne, na san babu kowa. Da inji ya tashi sai in daina ji. Shekarar farko nakan kai har shagon katifun ina jin ta. Bara a shataletale take barina. Yanzu ko gidan burodin da ke kafin shataletalen ba ma wucewa. Shi ya sa na ƙi gyara batirin, na kuma ƙi sayarwa: ban san ko ƙarin tafiyar nake tsoro ba ko ƙarewarta. Ku kada ku gaji wannan. Ku gyara ko ku sayar, mota ce.

Na biyar. Mai shagon katifun ya fito da kujera da ruwa a ranar, ya tsaya yana yi mata fifita da kwali. Kullum ina wucewa ta gabansa, ban taɓa iya tsayawa ba. Ɗayanku ya je ya gode masa a madadina.

Na shida. Dogo, ka san gaskiya tun ranar, kuma ba ka taɓa tona ni ba. Kana zuwa duk mako ka duba mini tayoyi, ka gaishe ni, ka tafi. Da ka yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba.

Nas, kada ki juyo da fushin kan kanki, abin da aka bari ki gani shi kika gani. Amma ke za ki fara takawa. Kada ki aika saƙo, ki je da ƙafarki. 'Yar tasa ta fara magana, an ce tana nuna hotonki tana tambaya wace ce.

Auta, ke ce kike kai gaisuwar wannan wurin wancan, har da wadda ba a ba ki ba. Na sani. Ki huta haka.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa in na same ta in iya ɗaga ido. Ku uku ne kawai. Ku riƙe juna, kuma duk wanda ya san gaskiya a cikinku ya faɗe ta tun tana da amfani.

Mahaifinku.