Baba Ya Ƙi Idon Tsoho

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, albishirinki: Baba ya gani! Farin ciki ne ya hana ni zama, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tafi kin bar shi da hakiya a ido biyu. Likita ta ce sai an yi masa dashen tantanin gaban ido, mai kama da gilashi, wanda ake samu daga mamacin da ya yi wasiyya. Wata takwas muna jiran layi.

Ranar da aka kira mu, na kutsa da shi cunkoson Nyanya har asibiti. Kin san mijinki a kasuwar Karshi, ba ya sayen rago sai ya buɗe baki ya duba haƙori. To, haka ya yi wa ido. Ya tambayi shekarun mai shi, aka ce sittin da huɗu, sai ya laluba sandarsa ya miƙe. Wai tsoho ba ya ɗaukar tsoho, a samo masa na saurayi.

Inna, na shiga roƙonsa. Tantanin ba ya jimawa a ajiye, ga wasu na jira.

Likitar, 'yar Filato, ta zaunar da shi da Hausarta ta Abuja: “Baba, wannan ido ya tsufa amma bai gaji ba.” Ta ce shekaru suna da tasiri, don ƙwayoyin da ke bayan tantanin suna raguwa da tsufa, shi ya sa aka fi nema wa yara na matasa. Amma ƙirga su ake yi da na'ura, kuma na wannan bawan Allah sun wadatar, musamman ga dattijo irinsa.

Sai Baba ya ce, “Ashe sa'ana ne. To, bismillah.”

Ganin ya dawo a hankali, yau wata huɗu ke nan. Har ya fara yi mini tsiya wai na yi tumbi.

Jiya Juma'a ya ce in kai shi maƙabarta. Ya hana ni riƙe masa hannu. Ya bi layi yana duba alluna ɗaya bayan ɗaya, har ya karanta sunanki da kansa, ya durƙusa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya jiƙan mai idon nan da ba mu san sunansa ba. Amin.

Naki har kullum,
Autanki