Ba Sa Taɓa Juna

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ta kira sau huɗu ina kan tsani ina jan waya a silin ɗin wani ofis. Da na sauko na ɗauka, ko gaisuwa babu: "Auta, Baba ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa. Ka zo." Na ce ina ɗaliban nasa da yake tinƙaho da su, manyan likitoci? Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Hutun da ta ɗauka zai ƙare ƙarshen wata, za ta koma garin mijinta. Ko in ɗauke shi zuwa gidana, ko a nemo bare ya zauna da shi. Na ce a nemo. Na dai yarda zan riƙa leƙawa da safe har ta tafi, don ita, ba don shi ba.

Shekara uku rabona da gidan.

Laraba, 5 ga Maris

Na je. Falon yana nan yadda na bar shi, kantar littattafai, tsohon hoton ƙwaƙwalwa da ya ciro daga ajinsa ranar da ya yi ritaya, da gwangwanin birrukansa, rabinsu ja. Yana zaune a kujerarsa, hannun dama yana rawa a kan gwiwa kamar mai jan carbi. Na gaishe shi. Ya dube ni da fuskar nan tasa, ba yabo ba fallasa, ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Ka zo." Shi ke nan.

Soket ɗin da ke bayan kujerarsa ya ƙone har ya yi baƙi. Ɗansa mai gyaran wuta ne, amma ya gwammace gobara da ya kira ni. Na canza shi, don kada a ce.

Asabar, 8 ga Maris

Hoton ƙwaƙwalwar nan na bango ya hana ni sakat.

Ina aji biyar na sakandare, shi ke koya mana ilimin halittu. A jarrabawa aka ce mu zana ƙwayoyin jijiya biyu na ƙwaƙwalwa, mu nuna yadda saƙo ke wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya. Ni da tun ina ƙarami nake ɓare rediyo, na san wuta ba ta tsallake rata. Sai na haɗe bakunansu tsaf, har na ƙara layi kamar an naɗe da salatif. Ya ɗaga takardata gaban mutum arba'in da shida. Sifili, da jan biro, girmansa ya kai ƙwai. A ƙasa: "Ba sa taɓa juna." Ya ce wa ajin, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ga ɗan barewa yana jan ciki."

Shekara ashirin da biyu. Har yanzu ina iya lissafa waɗanda suka yi dariya.

Sai ranar da na buɗe shagona, shekara uku da suka wuce. Ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi allon da sunana, ya dubi kaya, fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Kowa yana taya ni murna, shi ko haƙori ban gani ba. Daga ranar na ɗauke ƙafa.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti. Ni na tuƙa. Likitar mace ce, mai haƙuri. Yaya ta ce maganin wata rana ya yi, wata rana kamar ruwa ya sha. Likita ta jawo takarda ta zana mana, kuma wallahi zanen nan ne dai, ƙwaya biyu da 'yar rata a tsakani.

Ta ce saƙo yana gudu a jikin ƙwayar farko a matsayin wuta, amma da ya kai bakinta sai ya tsaya. Can akwai 'yan jakunkuna cike da sinadari, wutar ce ke sa su fashe su zubar da shi cikin ratar, wadda gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Sinadarin ya haye, ya shiga gurbinsa a jikin ƙwaya ta biyu kamar mukulli a kwaɗo, ita ma ta kama wuta. A kan Baba, ƙwayoyin da ke yin wani sinadari mai suna dofamin ne suke mutuwa. Ƙwaƙwalwa ta ce wa ƙafa tashi, saƙon ya rasa mai haye da shi. Maganin kayan haɗa sinadarin yake kai wa waɗanda suka rage.

Ta dube ni ta ce ko na gane. Baba ya ce, da 'yar muryar nan tasa ta yanzu, "Kada ki wahalar da kanki. Shi haɗe su yake yi."

Na tuƙa mu har gida. Mutum bai iya ɗaura takalminsa ba, amma bakin yana nan da kaifinsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban je ba. Ko a jikina.

Lahadi, 16 ga Maris

Na koma, don Yaya ta yi kuka a waya. Ya daskare a ƙofar banɗaki kusan minti goma, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Abin da ya tsaya mini a rai ba tausayi ba ne, aikin ne. Layin da yau ya kawo gobe ya ɗauke bai mutu ba, wani abu ne ke shiga tsakani, kuma ruwa ba ya tsami banza. Na yagi takarda daga littafin aiki na manna a jikin firji: lokacin magani, abin da ya ci, lokacin da jiki ya saki, lokacin da ya ƙulle. Yaya ta ce, "Ka mai da uban namu mita." Na ce mita aƙalla tana nuna abin da ke cikinta.

Juma'a, 21 ga Maris

Kwana biyar, ga shi ɓaro-ɓaro. Maganin safe ba ya aiki, na la'asar yana yi. Da safe Yaya tana ba shi da madara kofi guda da ƙwai biyu, wai ya rame, ya samu ƙarfi. Da la'asar da ruwa kawai yake sha, ciki ba komai. Ranar Laraba madara ta ƙare, kuma ran nan shi ya sa wa kansa riga.

Na kai wa likita takardar ni kaɗai. Ta ce haka ne, abin da ke cikin madara da ƙwai da nama ƙofa ɗaya yake bi da maganin, a hanji da kuma wajen shiga ƙwaƙwalwa, sai su yi masa cunkoso. A ba shi rabin awa ko fiye kafin abinci. Ta ce an faɗa tun farko, wataƙila ya shige Yaya. Ta tambaye ni aikin da nake yi. Na faɗa. Ta ce da ma.

Ina miƙewa ta ce, "Fuskarsa kuma, kada ku ɗauka fushi ne. Naman fuska ma saƙo yake jira. Sau da yawa ita ke fara daskarewa, shekaru kafin a ga rawar hannu." Na ce shekara nawa? Ta ce uku, huɗu, har fiye.

Na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

To, na ji. Ciwo ya ɗauki ranar shago. Jan biron fa? Lokacin fuskarsa lafiyarta ƙalau, na ga yadda ta motsa.

Litinin, 24 ga Maris

Yaya ta ce ita ta kusa kashe shi da ƙwai. Na ce ta bar wannan maganar. An samo wanda zai zauna da shi, zai fara ranar ɗaya ga wata.

Alhamis, 27 ga Maris

Magani ƙarfe bakwai, abinci takwas saura kwata. Wajen takwas da rabi sai ga Baba ya dawo mutum. Gira ta motsa. Ina sa masa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, ya tako da kansa ya tsaya yana kallon yadda nake huda bango.

Ban san abin da ya kai bakina ba, na ce, "Baba, me ya sa ƙwayoyin nan ba sa haɗuwa? A wurinmu rata matsala ce."

Ya ce, "Gidan da ba makunni ko ɗaya, yaya zai kasance?" Na ce komai ya kama lokaci guda, fis ya ƙone, wuta ta ɗauke. Ya ce to. Kowace ƙwaya saƙo dubbai ke zo mata, wannan ya ce tashi, wancan ya ce dakata, ita ta auna ta yanke. A ratar nan ake ƙara ƙarfin saƙo ko a rage, a nan ake koyo, a nan ake mantuwa. Minti biyar, na gane abin da na kasa a shekara guda. Na ce da haka ka faɗa a aji. Ya ce ai ban san makunni ba, kai ka sani.

Sannan ya ce, "Akwai 'yan kaɗan da suke manne da juna. Wuta ce ke wucewa kai tsaye, ba sinadari. Ba ya cikin manhajarku."

Na ajiye na'urar huda bangon. Na ce lokacin ka san da haka?

"Na sani."

"Amma ka ba ni sifili."

"Da ɗan wani ne, biyu zan ba shi. Na ji tsoron a ce Malam yana fifita ɗansa."

Saboda bakin mutane ke nan. Mutanen da ko ɗaya bai zo ya ɓalle masa maɓalli ba. Na tattara kayana na fita ban ɗaure sukurori biyu na ƙarshe ba. Raina bai taɓa ɓaci irin na yau ba, gara da ya ce bai sani ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Na koma na ɗaure sukurorin. Ba na barin aiki rabi.

Lahadi, 30 ga Maris

Yana cikin awarsa mai kyau ya ce in miƙo masa babban littafin da ke saman kanta. Takardata tana ciki, ta yi ruwan ƙasa, da sifilinta da salatif ɗina. Ya ce biro. Na ba shi baƙi, ya ce ja.

Ya fi minti uku yana yi. Rubutunsa ya ƙanƙance yanzu kamar sawun tururuwa. Ya soke sifilin, ya rubuta biyu a gefe, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Ya ce, "Zancen asibiti, wasa na yi maka. Na ɗauka ina murmushi." Ya ce kuma allon shagon ya yi kyau, sai dai harafi ɗaya ya karkace.

Biyu cikin goma. Har yanzu dai faɗuwa ce.

Talata, 1 ga Afrilu

Yaya ta tafi. Na ce wa mutumin da aka samo ya dakata tukuna, ba zai gane takardar firji ba, zai haɗa masa da madara. Na kwashe kwalayen waya daga ɗakin baya na gidana, ɗakin da ma yana buƙatar shara. Sati biyu ne Baba zai yi a wurina, mu gani.

Takardar jarrabawar tana cikin akwatin kayan aikina, ƙarƙashin tastar gwada wuta. Wurin ba ya jiƙa, shi ya sa.

Harafin da gaske ya karkace. Na duba.