Waswasin da Ba Ya Faɗuwa

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Abokina Ikrima ya kama hannuna a unguwar Nasarawa, yadda muka saba tun muna firamare. Na fizge. Ya ce, "Taufiq, lahiya?" Na ce zufa ce. A gida na wanke hannun sau bakwai.

Alhamis, 9 ga Mayu
Tunanin ya dawo ina tsakiyar sallar La'asar: in kai ma maza kake so fa? Sau uku na sake sallar. Ni da matata Zuhura da 'ya'ya biyu. Ni da ko maganar aka yi sai na tofar da yawu.

Juma'a, 17 ga Mayu
Wata biyar ke nan. Tun ranar da aka yi wa wani tela ature a Gwadangaji, wai ɗan luwaɗi ne. Ba wanda ya ga komai. Ni na fi kowa ihu. Ina isa gida tambayar ta faɗo mini, har yau ba ta fita ba. Duk namijin da na gani sai in tsaya ina auna zuciyata. Na ji wani abu? Ban ji ba? Na gaji.

Lahadi, 19 ga Mayu
Zuhura ta ce na rame. Na ce zafi ne.

Talata, 28 ga Mayu
Asibiti. Likitar wata dattijuwa ce. Na faɗa mata komai kaina a sunkuye, ina jiran ta kore ni. Ko a fuska ba ta nuna ba. Ta ce ciwon waswasi ne. "Abin da ka fi ƙyama shi yake kamawa. Kana tofar da yawu, shi kuma yana ƙara ƙarfi." Na roƙe ta ta rantse mini ba haka nake ba. Ta ƙi, wai neman tabbacin ma cikin ciwon yake. Magani ta ba ni, ta ce in bar tunanin ya zo ya wuce. Na fito ina jin haushinta.

Laraba, 12 ga Yuni
Sau biyu kawai na wanke hannu yau. Da ƙyar.

Asabar, 29 ga Yuni
Na je ta'aziyya Argungu. A motar dawowa fasinjoji suka sa wani mutumin garinsu gaba da gulma, wai tafiyarsa ta mata ce, ya kamata a kore shi daga garin. Na ji bakina yana cewa, "Mi kuka gani da idonku?" Ban san daga ina maganar ta fito ba, ƙila gajiya ce.
Wani manomin albasa ya yi barci a kafaɗata tun daga hanya. Tunanin ya zo, ya ɗan zauna. Ban tashi mutumin ba sai da muka shiga tasha.